Kujerun Gaba da Ba Kowa a Kansu

Duk wanda ya saba zuwa kallon wasa a Yamai ya san wannan hoto, ba sai an zana masa ba. An ce za a fara da ƙarfe takwas da rabi na dare. Tun kafin takwas ƴan makaranta sun cika bakin ƙofa, kowa da tikitinsa a hannu, wasu sun tako daga Talaje, wasu daga Lazare, wasu kuma sun ƙetaro gada daga Haro Banda. Suna shiga sai su tarar an ɗaure sahu uku na gaba da igiya, an jera kujerun kushin na haya, an liƙa wa kowace takarda mai cewa an keɓe ta. Wani saurayi mai baje a ƙirji yana tsaye yana kora mutane baya kamar mai kiwon awaki. Ƙarfe tara ta buga ba a fara ba, wai ana jiran babban baƙo. Ƴan wasa suna bayan labule, kwalliya ta soma narkewa da gumi, makaɗa sun gasa fatar ganga ta sake saki. Can wajen tara da rabi sai ga wakilin babban baƙon ya iso da mutum huɗu. A yi jawabin maraba, a yi na godiya, a kira sunaye da muƙamai ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe fitila. Ba a gama fitowa ta biyu ba wakilin ya dubi wayarsa ya miƙe, mutanensa suka bi shi. Sauran wasan, wato waƙa da rawa da zance da aka yi wata uku ana bita, a gaban kujerun da ba kowa aka yi shi, alhali waɗanda suka biya jikka guda daga kuɗin karin kumallonsu suna can baya suna miƙa wuya.

Wannan ɗabi'a ta zama jiki har an daina ganin ta. Ana yin ta a bikin ƙarshen shekara na makarantu, ana yin ta a taron ƙungiyoyin raya al'adu, ana yin ta a ƙananan zauruka da ba su wuce kujera ɗari biyu ko uku ba, inda sahu uku kaɗai ke iya cin kashi ɗaya bisa biyar na wurin. Ya kamata a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: wannan tsari yana cutar da ɗan wasa, yana wulaƙanta mai kallo, kuma shi kansa babban baƙon da ake son a karrama, kujera mafi muni a zauren ake ba shi.

A soma da wannan na ƙarshe, tunda shi ne ya fi ban dariya. A wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa, abu uku mai kallo ke nema: ya ji kalmomin waƙa, ya ga tsarin rawa gaba ɗaya, ya kuma ga fuskar ɗan wasa. Sahun farko ba ya ba da ko ɗaya daga cikin biyun farko. Lasifikokin da ke ɗauke da muryar mawaƙi ana kafa su ne a gefe biyu na dandamali, ko a rataye su sama, bakinsu na fuskantar tsakiyar zaure. Don haka muryar takan bi ta saman kan wanda ke gaba ta wuce. Abin da ke isa kunnensa kai tsaye shi ne ƙarar ganga da kalangu, waɗanda ba su buƙatar na'ura kafin su cika ɗaki. Gurmi da molo da sarewa kuwa, masu taushin murya, sai su nutse. Ga Bahaushe wannan babbar asara ce, domin harshensa da karin sauti da tsawon wasali yake rarrabe ma'ana. Kunnen da ganga ta toshe ba zai bambanta garin zama da garin tuwo ba, ko kukan ido da kukar miya. Wanda bai ji baitin ba kuwa bai san abin da ya sa jama'a ke dariya a bayansa ba, sai dai ya yi murmushin ganin ido.

Haka abin yake ga ido. Idan dandamali ya kai tsawon mita guda, wanda ke sahun farko daga ƙasa yake kallo, wuyansa a ɗage, ƙafafun masu rawa sun ɓace masa, ga ƙurar da suke tayarwa tana sauka a kan babbar rigarsa. Da'irar da ƴan mata goma sha biyu suka yi, da yadda ta tsage gida biyu ta sake haɗewa, duk wannan sai wanda ya ɗan ja baya kuma ya ɗan ɗaga sama yake ganin sa. Wanda ya manna fuskarsa da tabarma ba ya ganin zanen da masaƙi ya yi mata.

To ina kujerar kirki take? Amsar ba ta buƙatar dogon bincike. A dubi inda mai shirya wasan ke zama lokacin bita, a kuma dubi inda mai kula da sauti ke kafa teburinsa. Dukansu biyu tsakiya suke nema, daidai da tsakiyar dandamali, daga wajen kashi ɗaya bisa uku zuwa biyu bisa uku na zurfin zaure. Mai sauti da kunnensa yake daidaita murya da kiɗa, saboda haka abin da ya ji daga mazauninsa shi ne wasan yadda aka nufa a ji shi. Wanda ya zauna kusa da shi ya sha daga bakin rijiya. A ƙaramin zaure kuma babu fargabar nisa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, ke nan wanda ke mita goma sha biyar daga dandamali bai yi jinkirin da kunne zai lura da shi ba, kuma daga can ana iya ganin ɗaga gira da murguɗa baki. Abin gudu shi ne kujerun can gefe, inda ake hango masu jiran fitowa a bayan labule, da bakin ƙofa inda masu latti ke shawagi, da ƙarƙashin fanka mai ƙara, da ɓangaren da injin kuran yake in wuta ta ɗauke. A filin da ba rufi kuwa, musamman cikin hunturu, mai wayo yakan lura da inda iska ke kaɗawa, domin takan kwashe murya ta kai ta wani gefe.

Turawan da aka aro wannan siffa ta zaure daga wurinsu sun san haka tun da daɗewa. A shekarar 1638 wani masanin gine-gine ɗan Italiya, Nicola Sabbatini, ya bayyana a littafinsa na ƙera dandamali inda ya kamata a ajiye kujerar sarki: a tsakiya, da ɗan nisa, a tudun da idonsa zai yi daidai da zanen fage. Faransawa har yau suna kiran wannan wuri idon sarki, kuma akasari wajen sahu na bakwai ake nuna shi. Ashe sarakunan da suka gina waɗannan zauruka da kuɗinsu ba su yarda an dasa su a gindin dandamali ba. Sun san mai son ya gani daban, mai son a gan shi daban.

Masu son a gan su kuwa suna da nasu tarihin, kuma duk malamin da ke koyar da adabin Faransanci ya san shi. A birnin Faris na ƙarni na 17 da na 18, ƴaƴan masu sarauta a kan dandamalin kansa suke sa kujerunsu, dama da hagun ƴan wasa, su shigo a makare, su yi ta hira da gaishe-gaishe. Molière ya yi musu ba'a a wasansa mai suna Les Fâcheux a 1661. A 1748, lokacin da aka nuna Sémiramis na Voltaire, an ruwaito cewa cunkoson waɗannan manya ya kai har fatalwar da za ta fito daga kabari ta rasa hanyar wucewa, sai da aka roƙa mata hanya, abin tsoro ya koma abin dariya. Ba a rabu da wannan masifa ba sai a 1759, lokacin da wani mai sarauta, Lauraguais, ya biya gidan wasan Comédie-Française diyyar kuɗin da zai rasa, aka kwashe kujerun. A Jamus kuma, da Richard Wagner ya buɗe gidan wasansa na Bayreuth a 1876, ya jera kujeru hawa-hawa suna fuskantar dandamali, ya ɓoye makaɗa a rami, ya rage hasken zaure, domin ido ya bar kallon tufafin maƙwabci ya koma kan wasa. Abin da wasu suka gane illarsa suka yar tun shekaru fiye da 260, shi ne aka tsince a nan aka kakkaɓe, aka sa masa suna girmamawa.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja biyu, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko ita ce al'ada: an ce Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu duk sun gaji girmama na gaba, kuma ba tarbiyya ba ce yaro ya zauna a gaban babba. To, a je dandalin kowane ƙauye a daren farin wata a gani. Idan an kafa da'ira, yara ne ke zaune a ƙasa a gaba, samari da ƴan mata na tsaye a bayansu, dattawa kuma suna can gefe a kan tabarma ko gindin bishiya, inda ƙura ba ta kai. Haka wurin tatsuniya, haka wurin tashe cikin azumi. Gajere a gaba, dogo a baya, kowa ya gani. Babu dattijon da ya taɓa jin an rage masa daraja don jikansa ya fi shi kusa da makaɗi. Ko a masallaci, inda ladabi ya fi ko'ina ƙarfi, abin da aka koya wa kowa tun yana yaro shi ne sahun farko na wanda ya riga zuwa ne, kuma abin ƙi ne mutum ya makara sannan ya zo yana tsallake wuyan jama'a. Igiyar da ake ɗaurewa da takardar da ake liƙawa ba daga kakanni aka gaje su ba. Daga bukukuwan gwamnan mulkin mallaka da ofisoshin da suka gaje shi suka fito.

Gaskiya ne akwai wani kiɗa da ake yi a gaban babba, don shi kaɗai: kiɗan fada, inda makaɗi ke fuskantar sarki yana wasa shi, sauran jama'a ƴan rakiya ne. Wannan fasaha ce mai daraja da ƙa'idojinta. Amma wasan kwaikwayo wata sana'a ce dabam, kuma nan ne cutar ta fi tsanani. Da zarar an cika sahun gaba da masu muƙami, sai wasan ya karkata ya koma roƙo. Mawaƙiya ta bar baitin da ke ɗauke da labari ta shiga kirarin mai girma darakta. Mai girma darakta ya miƙe ya hau dandamali yana liƙi, mai hoto na biye da shi, yarinyar da ke tsakiyar kukan mutuwar uwarta a cikin wasa ta tsaya tana tsintar takardun kuɗi. Ɗan wasan barkwanci da ya shirya habaici kan cin hanci ya dubi fuskokin da ke gabansa ya haɗiye rabin maganarsa. Alhali kuwa ƙasar nan ta san wasan kara na Damagaram, inda talakawa ke kwaikwayon masu mulki da tafiyarsu da jawabinsu a bainar jama'a, kowa ya yi dariya, masu mulkin ma su ga kansu a madubi. Wasan da ba ya iya yi wa babba hannunka mai sanda ya rasa rabin amfaninsa.

Akwai kuma wani abin da duk wanda ya taɓa hawa dandamali ya sani. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, irin wanda ƙungiyoyin samariya suka yi tashe da shi a gasar matasa ta ƙasa zamanin Seyni Kunce, da irin wanda ƙungiyar Yazi Dogo ta shigar kowane gida ta rediyo da talabijin, bai dogara da rubutaccen zance da aka haddace ba. Janet Beik ta nuna haka a littafinta na 1987 kan wannan fasaha: ana tsara ƙashin labari tare, sannan kowane ɗan wasa ya tufatar da shi da maganarsa. Irin wannan wasa da numfashin ƴan kallo yake rayuwa. Dariya ta tashi, ɗan wasa ya ƙara gishiri. Zaure ya yi tsit, ya san maganar ta shiga. Fitilun dandamali kuwa suna kashe masa ido, ba ya ganin kowa sai sahu biyu ko uku na farko. Idan waɗannan babu kowa a kansu, ko kuwa masu latsa waya ne ke zaune, to an yanke igiyar da ke tsakaninsa da jama'arsa. An haƙa rami tsakanin mai ba da labari da mai saurare, sannan a dawo ana cewa wasannin yanzu ba su da armashi kamar na da.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kuɗi. Shugaban ƙungiya zai ce: kuɗin tikiti ba ya biyan hayar zaure da kayan sauti da ɗinkin tufafi, wanda ya ba da gudunmawa dole a nuna shi, in ba haka ba baɗi ba zai ɗauki waya ba. Wannan gaskiya ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a yi lissafin har ƙarshe. Mai gudunmawa yakan zo sau ɗaya, ya tafi da zarar an canza masa ofis. Yaron da ya zo kallo yana ɗan shekara goma sha biyar, idan wasan ya kama zuciyarsa, zai yi shekara arba'in yana sayen tikiti, ya kawo matarsa da ƴaƴansa, wataƙila ma shi ne zai rubuta wasan gobe. Idan kuwa abin da ya koya a darensa na farko shi ne an tura shi baya, an sa shi jiran awa guda, ya koma unguwa a ƙafa cikin tsakar dare ya sha faɗan mahaifinsa, to ba zai sake dawowa ba. Wayar da ke aljihunsa tana ba shi finafinan Kano da na Indiya a lokacin da ya ga dama, ba igiya, ba jawabi. Ƙungiyar da ta sayar da wannan yaro don ta faranta ran baƙon da bai ma zo ba, ta sayar da irin shuka ta sayi tuwon dare ɗaya.

Yamai ba ta rasa wuraren wasa ba. Akwai cibiyar al'adu mai sunan Umaru Ganda, mai shirya fim da ya rasu a 1981, da babban filinta mai hawa-hawa. Akwai cibiyar da aka sani da sunan Jean Rouch, wadda a 2024 aka mayar da ita ga sunan Mustafa Alasan. Akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, ga gidajen matasa, ga farfajiyar makarantu da ake mayarwa dandamali da tebura da zannuwa. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Amma harshe ba ya rayuwa da doka kaɗai. Yana rayuwa ne a bakin mawaƙi da kunnen yaron da ya ji baiti ya koma gida yana maimaita shi. Wanda ya tura wannan kunne can bayan zaure, inda ba ya jin komai sai hirar masu sayar da ruwa, ya yi wa harshen ɓarnar da jawabi goma na yabonsa ba za su gyara ba.

Gyaran ba ya cin ko dala. Na farko, kada a keɓe fiye da sahu ɗaya, kuma a sa shi a tsakiya kusa da hanyar wucewa, inda baƙo zai ji ya gani da kyau, ya kuma iya fita ba tare da ya tsaya tsakanin jama'a da dandamali ba. Na biyu, a rubuta a jikin katin gayyata cewa kujerar da mai ita bai iso ba minti goma kafin farawa za a ba wani, kuma a cika alkawarin ko wane ne. Na uku, a fara a kan lokaci. Wanda ya makara ya jira a ƙofa har a sauya fitowa. Na huɗu, a bar gaba ga waɗanda ke da haƙƙinta na gaskiya: ƙananan yara a kan tabarma ko gajerun bencina, da masu raunin gani, da masu keken guragu. Na biyar, jawabi da godiya da liƙi su jira a rufe labule. Mai son yin alheri ga ƙwarya nan a bakin ƙofa, kuma sunansa na iya fitowa a takardar shiri da manyan baƙaƙe.

Malamai kuma suna da nasu aikin, domin su ne ke kawo mafi yawan waɗannan yara, su ne kuma sau da yawa ke ɗaure igiyar da hannunsu idan bikin na makarantarsu ne. Kafin a kai aji kallo, a ɗauki rabin awa a zana zauren a allo: ga dandamali, ga lasifika, ga teburin mai sauti, ina ya fi dacewa a zauna, kuma don me? A rarraba ɗalibai wurare daban-daban, washegari kowa ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, a gwada. A darasi guda an koyar da kimiyyar sauti, da rubutun sharhi, da wani abin da ya fi su duka: cewa mai kallo yana da haƙƙi, kuma tikitin ɗan talaka daidai yake da katin gayyatar mai muƙami.

Manyan da ake yi don su, da yawansu ba su roƙi a yi musu haka ba. Masu rawar ƙafa ne ke ƙirƙiro musu girman da bai amfane su da komai ba sai ciwon wuya da toshewar kunne. Ranar da wani minista ko magajin gari zai iso kafin lokaci, ya sayi tikitinsa, ya wuce kujerun kushin ya zauna a sahu na bakwai tsakanin wata malama da ɗalibanta, ya kashe wayarsa har a rufe labule, ranar zai ga wasan da aka daɗe ana gayyatarsa bai taɓa gani ba. Kafin wannan rana ta zo, wuƙa da nama suna hannun shugabannin ƙungiyoyi da daraktocin makarantu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Su kwance igiyar.